Kaka Ta Ari Waya Bakwai

A unguwar Choggu, a garin Tamale, akwai wata yarinya 'yar aji shida. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Tana da ƙoƙari a makaranta, kuma ba ta da rashin kunya. Matsalarta guda ce tak: yatsanta ba ya ganin madanni ya ƙyale. Ko na rediyo ne, ko na fanka, ko hon ɗin babur, sai ta danna ta ga abin da zai faru.

Mahaifiyarta tela ce, Mma suke kiranta. Tana da waya ɗaya, babba mai fuskar gilashi. Wayar ta shekara huɗu a hannunta, batirin ya tsufa. In an cika ta da safe, kafin la'asar ta fara kukan yunwa.

Wata biyu ke nan wani saƙo yana leƙowa a fuskar wayar. Yana cewa akwai sabuwar manhaja, a sabunta waya. Shi ne abin da mutane ke kira apdet. Kullum ya leƙo, sai Mma ta danna wurin da aka rubuta a bari sai an jima.

Abin yana ci wa Auta tuwo a ƙwarya.

"Mma, me ya sa ba za ki yi apdet ɗin nan ba?"

"Ki rufa mini asiri," in ji Mma. "Maƙwabciyarmu ta yi, yanzu batirinta ba ya kai azahar koraa, ko kusa. Ni da wayar nan nake karɓar ɗinki. Ki bar mini abuna yadda yake."

Ranar Juma'a suna da darasin kwamfuta. Ana dab da tashi, Auta ta ɗaga hannu.

"Sa, wai gaskiya ne apdet yana kashe batir?"

Malaminsu, Masta Tahidu, ya ajiye alli. "Kin yi tambaya mai kyau. Apdet yana da amfani sosai. Yana toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi su shiga waya. Yana gyara kurakurai. Bai kamata a bar waya wata da watanni ba a yi mata ba. Amma fa..."

Sai aka buga ƙararrawa. Yara suka miƙe da hayaniya. Masta yana ta ɗaga murya yana cewa, "Ku tsaya, ban gama ba, akwai sharaɗi!" Ina! Auta ta samu abin da take so ta ji. Ta rataya jaka, ita ce ta farko a bakin ƙofa.

Tana isa gida ta fara. "Mma, Masta ya ce apdet yana da amfani! Ya ce ɓarayi na iya shiga wayarki!"

"Masta ne zai saya mini sabon batir?" Mma ta tambaya, ƙafarta na kan keken ɗinki. "Ki bari Kaka ta zo ta huta. Sai mu je wurin mai gyara mu tambaya da kyau."

Kaka ita ce mahaifiyar Mma, a Zongon Kumasi take zaune. Washegari Asabar za ta zo Tamale. Ba ta san sabon gidansu ba, domin wata biyar ke nan da suka taso daga unguwar Changli. Idanunta sun yi rauni, ba ta gani sosai. Ba ta riƙe waya, ta ce lambobin sun yi mata ƙanana.

Amma tana da dabararta. Kawu, ɗan'uwan Mma, yakan rubuta mata lambar Mma a takarda, ta ƙulle a bakin mayafinta. In ta sauka daga mota, sai ta ari wayar wanda ke kusa a kira mata. Dole a jira wannan kiran, domin motocin Kumasi ba wuri ɗaya suke sauke mutane ba. Wata ta shiga babbar tasha, wata ƙarama, wata ma a bakin titi take tsayawa.

Ranar Asabar aka wayi gari babu wutar lantarki. Tun cikin dare aka ɗauke ta a unguwar duka. Da hantsi Kawu ya kira daga Kumasi ya ce ya sa Kaka a mota tun bayan sallar asuba.

"To, sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi ke nan," in ji Mma. Ta duba wayar ta yi tsaki. "Saura kashi talatin da huɗu. Zai kai mu, in ba a taɓa shi ba."

Baba ya tafi gona a Gumani tun da sassafe. Mma ta shiga madafa a bayan gida, za ta tuƙa wa Kaka tuwo da miyar ayoyo. A can baya waya ba ta samun layi sosai. Sai ta miƙa wa Auta.

"Zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Da ta yi ƙara ki rugo. Ban da wasa, ban da kallon bidiyo. Kin ji ni?"

"Na ji, Mma."

Auta ta zauna a kan benci, waya a cinyarta. Awaki suka wuce. Mai sayar da ruwa ya wuce. Ta ƙirga babura har ta gaji. Can sai wayar ta yi ɗan haske. Saƙon nan ne ya sake leƙowa.

Ta karanta a hankali. Ya ce an riga an sauko da komai, dannawa kawai ta rage. Ya ce abin zai ɗauki kamar minti goma sha biyar.

Ta duba agogon wayar. Sha biyu da minti biyar. Ta yi lissafi da yatsu. Kaka sai ɗaya da rabi. Minti goma sha biyar ai ba komai ba ne. Kafin Mma ta gama tankaɗe gari an gama. Kuma wannan ba wasa ba ne, ba bidiyo ba ne. Taimako ne. Har ta hango Mma tana cewa, "Ashe Autata ta fi ni gaskiya."

Ta waiga bayan gida. Ta danna.

Fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin. Can sai wani siririn farin layi ya fito a tsakiya. Ya fara tafiya a hankali, kamar tururuwa mai jan ƙwayar gero.

Minti goma sha biyar suka wuce. Ko ba agogo ta san sun wuce, domin inuwar bishiya ta matsa daga ƙafarta. Layin ko rabi bai kai ba.

Wayar ta fara ɗumi. Daga ɗumi ta koma zafi. Auta ta danna madannin gefe, shiru. Ta danna na sama, shiru. Ta shafa fuskar, babu abin da ya motsa.

"Auta!" Mma ta kira daga madafa. "Ba a kira ba?"

"Ba a kira ba, Mma."

Ta ɗauko murfin kwali tana yi wa wayar fifita. Ta hura mata iska da baki. Ta lallaɓa ta ɗora ta a gefen randar ruwa ko za ta huce. Layin ya ɗan matsa, ya sake tsayawa cak.

"Allah ka sa kada Kaka ta iso yanzu," ta ce a ranta. "Allah ka sa direban nan mai tafiya a hankali ne."

Aka kira sallar azahar a masallacin unguwa. Mma ta fito da buta a hannu, fuskarta duk zufa. Auta ta yi wuf ta tura wayar ƙarƙashin hijabinta. Zafinta har a fatar cikinta take ji.

"Har yanzu shiru?"

"Shiru, Mma."

"Batirin fa? Akwai saura?"

"Akwai saura."

Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta, domin ba ta sani ba. Mma ta gyaɗa kai ta tafi alwala. Auta ta ji kamar ta kira ta ta faɗa mata. Bakinta ya buɗe, amma tsoro ya rufe shi.

Sai da aka idar da salla a masallaci, mutane suka watse, sannan layin ya kai ƙarshe. Wayar ta mutu, ta sake tashi. Ta daɗe tana juya wani ɗan zobe. Daga baya fuskarta ta buɗe da sababbin launuka masu kyau. Auta ko kallonsu ba ta yi ba. Idonta na can sama, wurin batir.

Kashi biyu. Agogo kuma ya nuna biyu saura kwata.

Kafin ta ja numfashi wayar ta fara ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ta kai yatsa inda aka saba ɗauka, ashe wurin ya canja. Ta shafa hagu, ta shafa dama. Da ƙyar ta samu.

"Alo? Alo?" Muryar Kaka ce, ga ƙarar motoci a bayanta. "Alhamdu lillahi! Ni ce. Tun ɗazu nake nan a..."

Ɗif. Wayar ta mutu.

Auta ta danna, ta sake dannawa, ta girgiza ta. Babu ko ɗigon haske. Yanzu kam ba abin ɓoyewa. Ta ruga cikin gida da kuka, ta tarar da Mma tana naɗe dardumar salla.

"Mma, Kaka ta kira! Wayar ta mutu! Ni ce, Mma, ni na danna apdet!"

Mma ta karɓi wayar, ta ji zafinta a tafin hannu. Ta dubi Auta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tun yaushe?"

"Tun sha biyu."

"Da na tambaye ki fa?"

Auta ta sunkuyar da kai. Da Mma ta mare ta da ya fi mata sauƙi.

"A ina ta ce take?"

"Ba ta ƙarasa faɗa ba."

"Innalillahi." Mma ta dafe kai. "Lambar kawunki tana cikin wayar nan. Ta babanki ma tana ciki. Ban haddace ko ɗaya ba." Ta ja dogon numfashi. "Ba lokacin faɗa ba ne. Sauke tukunya, ki rufe tuwon. Ɗauko mini mukullin babur."

Duk unguwar babu wuta, babu gidan da za a roƙi caji. Mma ta tayar da babur, Auta ta hau baya ta riƙe ta gam. Rana ta take. Duk tsohuwar da suka wuce a bakin titi sai Auta ta waiga. Tana ta tuna yadda Kaka ke tsallaka titi, sai an riƙe mata hannu.

Suka tsaya a rumfar Imoru mai gyaran waya, a kan hanyar kasuwa. Yana da faifan sola a kan rufinsa, don haka ko an ɗauke wuta shi yana aiki.

"Antire," in ji Mma, tana gaishe shi da Dagbani.

"Naa, naa. Madam tela, lafiya kuwa?"

Mma ta faɗa masa a gurguje. Imoru ya karɓi wayar, ya yarfe hannu.

"Kai! Wayan nan ya yi zafi paa." Ya jona ta da caji. Hoton batir ja ya fito, babu komai a cikinsa. "Batir ya tsufa, kuma ya sha wahala. Sai ya yi minti ashirin kafin ya tashi."

"Ba ni da minti ashirin, Imoru. Uwata ba ta gani sosai."

"To, tsaya."

Ya ɗauko wata 'yar allura ya tsokani gefen wayar. Ɗan katin layi ya fito. Ya jawo aljihun tebur ya zaro wata ƙaramar waya mai madannai, irin wadda ake yi wa tsiya ana ce mata doya. Ya sa katin a ciki ya kunna.

"Lambanki yana nan ciki yanzu. Wanda ya kira, zai samu."

Ba a jima ba doyar ta fara ƙara. Ba kira ba ne, saƙonni ne. Kamfanin layi ne ke faɗin waɗanda suka kira lokacin da waya take kashe. Idon Mma ya cika da hawaye, ba ta iya karantawa. Ta miƙa wa Auta.

Auta ta ƙirga. Lamba bakwai, kowace daban. Ta farko ta kira tun ɗaya saura minti ashirin. Ashe motar ta yi gudu, ta iso da wuri. Fiye da awa ɗaya da rabi ke nan Kaka tana jira.

"Fara da na ƙarshe," in ji Imoru. "Shi ne zai fi kusa da tsohuwan."

Auta ta danna lambar ƙarshe. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta sake, ba a ɗauka ba.

Ta shida wani saurayi ne. Mma ta karɓa.

"E, wata tsohuwa ta ari wayata," in ji shi. "Amma ni na wuce, ina hanyar Savelugu yanzu."

"A ina ka bar ta, ɗana?"

"Kusa da gidan mai, wajen..." Iska ta cika wayar, layin ya yanke. Gidan mai nawa ne a Tamale?

Ta biyar a kashe take. Ta huɗu wata mata ce da ba ta jin Hausa sosai. Imoru ya karɓa suka yi Dagbani. Auta tana kallon fuskarsa. Da ya ajiye, ya juyo wurin Mma.

"Ya ce mota ɗaya suka zo. Ya ce tsohuwan yana tambaya yaya ake zuwa Changli."

"Changli!" Mma ta dafa tebur. "Tsohon gidan za ta nema. Baƙi ne a ciki yanzu, ba su san ta ba. Wa zai tsallakar da ita titi?"

Sauran ukun ba wanda ya ɗauka. Mma ta fita bakin hanya ta tsaya kusa da babur. Ta dubi hanyar tasha, ta dubi hanyar Changli. In ta bi ɗaya, wataƙila Kaka tana ɗayar. Auta ba ta taɓa ganin Mma ta rasa abin yi ba sai ranar.

Auta ta tsaya a rumfar tana kuka ƙasa-ƙasa, doya a hannunta.

"Masta ne ya ce apdet yana da amfani," ta ce.

"Masta bai yi ƙarya ba," in ji Imoru a hankali. "Ni ma da Madam ya tambaye ni, zan ce a yi. Amma bai faɗa miki yadda ake yi ba?"

"Ya fara. Aka buga ƙararrawa, na fita."

"Ahaa. To, ji sauran. Apdet aiki ne mai nauyi, yana shan batir paa. Sai an cika waya, an bar shi a jikin caji. Kuma ba a yi ranar da ake jiran kira. Minti sha biyar da ya rubuta, na sabon waya ne. Tsoho yana iya cin awa biyu."

"Yanzu batirin Mma ya lalace ke nan?"

"A'a. Kwana biyu ko uku zai riƙa ƙarewa da wuri, waya yana shirya kayanshi. Daga nan ya daidaita. In bai daidaita ba, tsufa ne, sai mu canja batir. Waya yana da gyara, yarinya. Kakanki za mu nema."

Sai doyar ta yi ƙara a hannun Auta. Har ta kusa yar da ita. Lambar ƙarshe ce ta kira.

"Mma! Mma!"

Mma ta rugo ta fizge wayar.

"Alo? Wa ke magana?"

"Ni Azeta ne," in ji wata murya mai ƙarfi. "Ina soya wagashi a bakin ƙaramin tasha, bayan kasuwa. Hannuna yana cikin mai, shi ya sa ban ɗauka ba. Ke ne 'yan tsohuwan nan?"

"Ni ce! Tana ina?"

"Ga shi a bencina. Sau biyu ya tashi zai tafi Changli. Na riƙe jakanshi, na ce ba inda za ki, Hajiya, sai mutanenki sun zo."

Mma ta zauna a ƙasa, a nan gaban rumfar, tana cewa alhamdu lillahi. Imoru ya ce su tafi da doyar, su bar babbar tana caji.

Ba su yi minti goma ba suka isa. Auta ce ta fara hango ta. Kaka tana zaune a ƙarshen benci, jakarta a tsakanin ƙafafunta. Ta yi ƙanƙanta a cikin taron mutane. Tana riƙe da 'yar takardar lambar, ta jiƙe da zufa har ta fara yagewa.

"Inna!" Mma ta kira.

Kaka ta miƙe. Ta lalubo fuskar Mma da hannu biyu, ta shafa kumatunta, ta shafa kafaɗunta.

"Lafiyarku? Ina yarinyar? Ina maigidan? Kowa lafiya?"

"Kowa lafiya, Inna. Ke fa?"

"Ni me zai same ni? Ku nake jiye wa tsoro." Ta riƙe hannun Mma gam. "Shekara nawa ina zuwa garin nan, ban taɓa kira na ji wayarki a kashe ba. Na ce ko babur ne ya kayar da ku a hanyar zuwa ɗaukata. Da aka ɗauka na ji ya yanke, na ce shi ke nan, wani ne ya tsinci wayar a titi."

Azeta, wata doguwar mata mai ɗaurin ƙirji a kan riga, ta juya wagashi, wato cukun nono, a kasko. "Na ba shi abinci, ya ƙi ci. Ruwa ma da ƙyar."

"Mutum bakwai suka ara mini waya," in ji Kaka. "Ni da ko gishiri ba na roƙo a maƙwabta. Wani yaro ma da na tambaya, ya ɓoye tasa a aljihu. Ya ce mu ne masu damfara."

Mma ta share ido. "Ki yi haƙuri, Inna. Wayar ce ta..."

"Ba wayar ba ce," in ji Auta.

Duk suka juyo. Ta durƙusa a gaban Kaka, a nan cikin tasha, mutane na wucewa.

"Ni ce, Kaka. Mma ta hana ni taɓa wayar, na taɓa. Na danna wani abu da ya shanye batirin. Da ta tambaye ni kuma na ɓoye. Da na faɗa da wuri, da tuni mun zo. Ki yafe mini. Mma, ki yafe mini."

Kaka ta miƙa hannu. Ta sunkuyo ta kamo haɓar Auta, ta matso da fuskarta kusa don ta gan ta.

"Au, ƙawata, ashe ke ce? Don kada in zo in cinye miki nama a miya, shi ne kika bar ni a tasha?"

Azeta ta tuntsire da dariya. Auta ma ta yi, hawaye na zuba.

"Tashi," in ji Kaka. "Na yafe. Wanda ya ce ni ne da bakinsa ya rage wa mai bulala aiki."

Mma ta ɗago ta. "Dannawar kuskure ne, Auta. Ɓoyewar ce ta fi ɓata mini rai. Ni ma da laifina, wata biyu ina cewa sai an jima, ban je na tambaya ba. Daga yau in abu ya lalace a hannunki, ki faɗa nan take."

"In sha Allahu, Mma."

Suka yi wa Azeta godiya har ta gaji da amsawa. Mma ta sayi wagashi cike da leda, Azeta ta ƙara musu gyara. Sai a lokacin Kaka ta yarda ta ɗauki guda ta kai baki.

Mma ta tsayar da keke mai ƙafa uku, wanda ake kira yalo-yalo. Ta sa Kaka da Auta da jaka a ciki. Ita kuma ta bi su a baya da babur.

Suna tafiya Kaka tana ta zolaya. Ta ce Auta ta yi tsawo kamar dawa. Ta tambayi ko sabon gidan yana da bishiya. Ta kama hannun Auta ta riƙe a cinyarta. Bakinta yana dariya, amma Auta ta ji hannun yana rawa. Suka wuce kasuwa yana rawa. Suka shiga hanyar Choggu bai daina ba.

Auta ta ɗora ɗaya hannunta a kai ta rufe shi. Ba ta saki ba har ƙofar gida.

Da yamma aka kawo wuta, Baba ya dawo daga gona, ya je rumfar Imoru ya mayar da doyar ya karɓo wayar. Kaka ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Bayan kwana uku batirin ya daidaita, kamar yadda Imoru ya faɗa.

Yara, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In ana koya muku abu, ku tsaya ku ji shi har ƙarshe. Kada ku taɓa abin da aka ba ku amana sai da izini, ko da kuna ganin gyara za ku yi. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, domin wataƙila akwai wanda ke zaune a wani wuri yana jiranku.